Sabon Jiki da Tsohon Inji: Darasi a Kan Sayen Tirela

Kowane manomi ya sani noma ba ya ƙarewa a gona. In an girbe hatsi, an sussuke, an ɗura a buhu, sauran aiki guda, watau kai shi inda za a saye shi da daraja. Wanda ba shi da abin ɗauka tilas ya sayar a bakin gona, a kan kuɗin da mai mota ya yanka masa. Don haka ne manomi ko ɗan kasuwa in Allah ya buɗa masa, abin da ke fara shiga ransa shi ne ya mallaki mota tasa ta kansa.

Darasin wannan mako a kan wata irin babbar mota ne wadda manoman Amurka da masu jigilar shanunsu suka yi ta rububi a kanta tun daga wajen 2010 har zuwa 2018. Jikinta sabo fil, amma injinta tsoho ne da aka yi wa garambawul. Sunanta gilaida. Yawanci an daina ƙera ta, amma dubbai suna nan bisa hanya, suna kuwa fita daga hannu zuwa hannu a kasuwar gwanjo. Wanda ya fahimci cinikinta ya fahimci cinikin kowace mota mai gyararren inji.

Mene ne gilaida

Tirela kashi biyu ce. Akwai kai, inda inji da direba su ke, akwai kuma bodi da a ke ja a baya. A Amurka doka ta yarda kai da bodi da kaya gaba ɗaya su kai laba 80,000 a manyan hanyoyin tarayya, watau kamar tan 36. In aka fid da nauyin motar kanta, abin da ya rage na hatsi ba ya wuce tan 23 zuwa 25, kamar buhu 230 zuwa 250 ke nan na kilo ɗari ɗari. Ma'aikatan awo kuwa suna nan a bakin hanya da sikelinsu, ba a yi musu lodi har sama.

To, kan tirela shi ne mai tsada. A da manyan kamfanoni irin su Freightliner da Western Star da Peterbilt da Kenworth sun daɗe suna sayar da shi iri biyu. Akwai cikakke, wanda za a ba mutum mabuɗi ya tayar ya tafi. Akwai kuma wanda a ke fitarwa daga masana'anta da shasi da ɗakin direba da sitiyari da tayoyin gaba da wayoyin lantarki, duk sababbi, amma babu inji, babu akwatin giya, galibi kuma babu aksul na baya, watau ƙarfen da ke juya tayoyin baya. Wannan na biyu shi ne gilaida. An aro sunan daga wani irin jirgin sama marar inji, wanda iska kaɗai ke ɗauke da shi.

Asalin abin don maganin hasara ne. Mota ta faɗi a hanya, ɗakin direba ya rugurguje, shasi ya lanƙwashe, amma inji da giya lafiya lau. Maimakon mai ita ya zubar da su, sai ya sayi sabon jiki ya mayar da su ciki. Dokar tsaron hanya ta Amurka ma a kan wannan ta ginu. Ta ce ba za a lissafta motar a cikin sababbi ba muddin inji da akwatin giya da aksul na baya tsofaffi ne, kuma aƙalla biyu daga cikin ukun nan daga mota guda aka ciro su. Shekaru da yawa haka a ke yi, abin da a ke haɗawa a shekara a ƙasar duka bai fi dubu ɗaya ba, ba wanda ya damu.

Abin da ya jawo rububi

Hayaƙi ne ya canza al'amarin. Injin gas yana fid da abubuwa biyu masu cutar da huhu. Na ɗaya kunkunniya, watau baƙar ƙurar nan da a ke gani tana fita daga salansa. Na biyu wata iska ce da ido ba ya gani, wadda a ke kira oksayid na naitirojin, tana samuwa in wuta ta yi zafi ƙwarai a cikin silinda. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta yi ta matse wa masu ƙera inji wuya mataki mataki.

A 1998 aka kama kamfanoni bakwai, cikinsu har da Caterpillar da Cummins da Detroit Diesel da Mack da Volvo, sun shirya injunansu yadda za su yi ladabi a ɗakin gwaji, in an hau hanya kuwa su saki hayaƙi don su rage shan mai. Aka ci su tarar dala miliyan 83 da 'yan kai, aka kuma tilasta musu su cika sabuwar ƙa'ida tun daga Oktoba 2002. Daga nan yawancinsu suka sa wa inji wata hanya mai mayar da wani kashi na hayaƙi cikin silinda, bayan an sanyaya shi, don wuta ta rage zafi. A 2007 aka ƙara rariya a cikin salansa mai kama kunkunniya, wadda in ta cika sai an ƙone abin da ta tara da wuta mai tsanani. A 2010 aka ƙara tanki na biyu, na wani ruwa da a ke fesawa cikin hayaƙi ya kashe gubarsa. Manoma za su yi mamakin jin ko mene ne ruwan nan. Yuriya ce, irin ta taki, amma tatacciya, kashi 32.5 cikin ɗari, sauran kuwa tsabtataccen ruwa. Kada dai wani ya ce zai jiƙa buhun taki ya zuba, gama dattin da ke cikin na gona zai lalata na'urar.

Dabarun nan sun yi aikin da aka sa su. Tsakanin ƙa'idar 1998 da ta 2010 an rage iskar nan mai guba har ninki ashirin, kunkunniya kuwa ninki goma. Amma a shekarun farko sun ba masu motoci wahala ƙwarai. Rariya ta toshe, bututun mayar da hayaƙi ya tsage ya zuba ruwa cikin inji, ƙaramar na'urar awo ta lalace ta yi ƙarya. Mafi zafi, an shirya injin yadda in ruwan yuriya ya ƙare, ko ƙwaƙwalwar inji ta zaci ya ƙare, sai ya yi ta rage ƙarfi har mota ta koma tafiyar mil biyar a sa'a. A duba halin wanda ya ɗauko shanu daga Montana za shi Nebraska, rana ta take, mota ta ƙi gudu a dokar daji, gareji mafi kusa mai kwamfutar da za ta karanta cutar yana nesa da mil ɗari. Dabba ba ta jiran bakanike. Haka kuma mai masara a Iowa, wanda kakarsa 'yan makonni ce, in mota ta kwana goma a gareji ya yi hasarar da ba ta mayuwa. Kamfanin Caterpillar ma da ya ga wuyar abin, sai ya ba da sanarwa a 2008 cewa zai bar ƙera injin manyan motocin hanya na Amurka kafin ƙa'idar 2010 ta fara aiki.

Sai masu dabara suka tuna da gilaida. Tun da a lokacin doka tana bin shekarar inji ne wajen hayaƙi, in aka sa injin 1999 cikin jikin 2015, ƙa'idar 1999 ce a kansa. Babu rariya, babu tankin yuriya. Wani kamfanin iyali a jihar Tennessee, Fitzgerald, ya zama babban mai wannan sana'a, yana haɗa wajen dubu uku a shekara. Kafin 2015 abin da a ke haɗawa a ƙasar ya kai wajen dubu goma a shekara. Ba motocin da suka yi haɗari a ke ceto ba kuma, tsofaffin injuna a ke bi a ke tsintowa duk inda su ke.

Har wa yau akwai wani kwaɗayi. Daga 18 ga Disamba 2017 aka wajabta wa direbobin manyan motoci su sa na'ura mai rubuta sa'o'in tuƙinsu da kanta, don kada su wuce sa'a goma sha ɗaya suna tuƙi ba hutu. Amma an ɗauke wa motar da injinta ya girmi shekarar 2000, ita littafin takarda ya ishe ta. Wannan ya sa injin 1998 da na 1999 suka yi daraja fiye da ƙannensu.

Injunan da a ke nema

Uku ne suka fi suna. Na farko Detroit Series 60, wanda aka fara fitarwa a 1987, mai silinda shida a jere. Yana cikin na farkon manyan injunan gas da aka haɗa su da ƙwaƙwalwar lantarki tun daga masana'anta. Mai lita 12.7 shi ne abin so, don ba shi da shan mai, kayan gyaransa kuwa ko'ina akwai. Na biyu Caterpillar 3406E da magajinsa C15, masu ƙarfin ja a hawan dutse, masu tsadar kayan gyara. Na uku Cummins N14, mai lita 14.

Abin da ya sa su ke gyaruwa sau da yawa shi ne fistin ba ya gogar jikin bulok kansa. Kowace silinda tana da kube na ƙarfe, wanda a ke zarewa in ya cinye a zura sabo. Muddin bulok bai tsage ba, karanshaf kuma yana da sauran nama, inji yana iya komawa aiki kamar ba a taɓa hawansa ba.

Garambawul iri uku ne

A nan ne kuɗin mai saye ke tsira ko su nutse, gama dillali kalma ɗaya zai faɗa, "an gyara", alhali gyara suna suka tara.

Na farko shi ne wanda a ke yi inji yana zaune a cikin mota. A buɗe sama, a buɗe ƙasa, a canza fistin da ringi da kube da gaskit, da faifan nan masu laushi da karanshaf ke juyawa a kansu, waɗanda kanikawa ke kira metal. Wannan shi ne mafi araha, yana kuwa da amfani ga injin da tsufa kaɗai ke damunsa. Aibinsa, ba a fid da karanshaf an auna shi sosai ba, ba a wanke hanyoyin baƙin mai da ke cikin bulok ba.

Na biyu shi ne a sauke inji ƙasa, a wargaza shi har ƙusa ta ƙarshe. A dafa bulok a wanke, a bincika ko akwai tsaga wadda ido ba ya gani, a auna karanshaf, in ya cinye a fere shi a sa metal mai kauri daidai da abin da aka fere. A nan akwai wani awo ƙarami wanda ya fi kowane muhimmanci. Bakin kowane kube dole ya ɗara fuskar bulok tsawo da ɗan kaɗan, abin da bai fi kaurin gashin kai ɗaya ko biyu ba, kuma duk shida su zo daidai da juna. Wannan ɗan tudu shi ke danne gaskit in an ɗaure kan inji. In gurbin da kube ke zama ya cinye ba a gyara shi ba, kube zai nutse, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Motar za ta fita gareji tana ƙara mai daɗi, sai bayan wata shida ko shekara cutar ta bayyana, sa'an nan kuwa mai sayarwa ya daɗe da cinye kuɗinsa. Bakanike na kirki ya kan rubuta awon nan na kowace silinda a takarda. Wanda ya ce ya yi aikin amma ba shi da takardar awo, a yi hattara da shi.

Na uku shi ne wanda kamfanin da ya ƙera injin ya karɓe shi ya sabunta a masana'antarsa, ya gwada shi a kan na'urar awon ƙarfi, ya ba da garanti da sunansa. Detroit da Cummins da Caterpillar duk suna da sashen wannan aiki. Mai saye ya kan ba da tsohon injinsa a karɓa a rage masa kuɗi. Shi ne mafi tsada, shi ne kuma wanda garantinsa ke aiki a kowane garejin kamfanin. Garantin ƙaramin mai haɗawa kuwa iyakarsa ƙofar garejinsa, in ya rufe sana'a takardar ta zama abin ƙunshe ƙosai.

Sai a lura, a duk ukun nan akwai kayan da a kan mayar da tsofaffinsu in ba a yi magana ba: nozul, da famfon ruwa, da famfon baƙin mai, da fankar nan mai cusa wa inji iska, da ita ƙwaƙwalwar kanta. Kowannensu sai a tambaya, sabo ne, gyararre ne, ko wanke shi aka yi aka fesa fenti.

Lissafin akawu

A zamanin rububin, gilaida ta kan yi ƙasa da sabuwar mota irinta da kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari. Wani ɓangare na rangwamen nan daga haraji ya fito. A Amurka sabuwar babbar mota tana biyan harajin tarayya kashi 12 cikin ɗari ran da aka fara sayar da ita. Amma dokar ta ce in gyara aka yi wa tsohuwa, kuma kuɗin gyaran bai wuce kashi 75 cikin ɗari na kuɗin sabuwa irinta ba, babu haraji. A ɗauka, don misali, sabuwa dala 150,000 ce. Harajinta dala 18,000 ke nan. In mai haɗa gilaida ya tsare abin da ya kashe a ƙasa da dala 112,500, sai ya ce shi gyara ya yi. Hukumar haraji ba ta yarda ba, ta ce wannan ƙira ce aka sa mata sunan gyara, ta bi Fitzgerald bashin miliyoyi. Aka je kotu, a 2023 masu taya alƙali yanke hukunci suka ba kamfanin gaskiya, gwamnati kuwa ta ɗaukaka ƙara.

Amma kuɗin saye rabin lissafi ne. Sauran rabin yana cikin tanki. A ɗauka mota tana cin mil 100,000 a shekara. In tana yin mil 6 da galan ɗaya, za ta sha galan 16,667. In tana yin mil 7, galan 14,286. Bambancin galan 2,381 ne, in galan dala 4 ne ya haura dala 9,500 a shekara guda. Mil ɗaya tak a galan, ga abin da ya haifar. A wajen 2008 tsohon inji ya kan fi sabo tsimin mai, don dabarun hayaƙi na farko sun ƙara wa inji ƙishirwa. Daga baya masu ƙira suka gyara aikinsu, sababbin motoci suka koma gaba, balle da aka gyara siffar jikinsu yadda za su ratsa iska. Ko an lissafta ruwan yuriya, wanda ba ya wuce galan biyu ko uku a kowane galan ɗari na gas, sabuwar mota ta kan ci riba a doguwar tafiya. Saboda haka gilaida ta fi dacewa da manomin da motarsa ke aiki da kaka ta huta da rani, wanda abin da ya fi tsoro shi ne tsayawa a hanya. Mai zirga-zirga dare da rana, shekara duka, sai ya sake lissafi.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a takardar ciniki. Bankuna da yawa ba su son ba da rance a kan gilaida, waɗansu kamfanonin inshora kuma su kan yi jinkiri, don ba su san yadda za su yi mata kuɗi ba.

Rigimar hayaƙi

Gaskiya ɗaya ce, ko da ba ta yi wa mai gilaida daɗi ba. Abin da ya tsira da shi a aljihu, waɗansu ne ke biya da huhunsu. A 2016 hukumar EPA ta yi doka cewa daga Janairu 2018 ƙaramin mai haɗawa ba zai wuce gilaida 300 a shekara masu tsohon inji ba. Ta yi ƙiyasin cewa in aka bar abin yadda ya ke, motocin da ba su fi kashi 5 cikin ɗari na manyan motocin ƙasar ba za su riƙa fid da wajen sulusin gubar da dukansu ke fitarwa.

Da gwamnati ta canza, sabon shugaban hukumar, Scott Pruitt, ya kawo shawara a Nuwamba 2017 a soke dokar. Cikin hujjojin da aka kawo masa akwai wani bincike na jami'ar Tennessee Tech, wanda ya ce hayaƙin gilaida bai fi na sabuwar mota ba. Sai ta bayyana Fitzgerald ne ya biya kuɗin binciken. A wannan watan kuma ma'aikatan hukumar suka gwada gilaida biyu a ɗakin gwajinsu na Ann Arbor, suka tarar a tafiyar babbar hanya iskar nan mai guba ta kai ninki 43 na sabuwar mota, kunkunniya kuwa ninki 55. A Fabrairu 2018 shugaban jami'ar, Philip Oldham, ya rubuta wa hukumar ya ce kada a yi aiki da binciken nan tukuna, malamansa sun yi shakkarsa.

Ran 6 ga Yuli 2018, ranar da Pruitt ya bar aiki, hukumar ta ba da takarda cewa ba za ta hukunta wanda ya wuce 300 ba. Masu kare muhalli da waɗansu jihohi suka kai ƙara, kotu ta dakatar da takardar, magajinsa Andrew Wheeler ya janye ta ran 26 ga watan. Dokar ta zauna, Fitzgerald ya sallami ma'aikata da yawa. A farkon 2021 aka ƙara sharuɗɗa a kan jikin motar kansa, manyan kamfanoni kuma suka janye daga sayar da jiki marar inji. Jihar Kalifoniya tata dokar daban ce: tun daga Janairu 2023 kusan kowace babbar motar gas da ke aiki a can sai injinta ya zama na 2010 ko bayansa. Mai gilaida ba shi da hanyar ɗauko kayan lambu daga jihar da ta fi kowace noma su.

Abin da mai saye zai duba

Tun da yawancin waɗanda a ke samu na hannu ne, mota guda tana da shekaru iri uku: na jiki, na inji, da na garambawul. Agogon mil da ke gaban direba na jiki ne kaɗai. Gilaidar da aka haɗa a 2015 ta riga ta yi aikin shekara goma ko fiye a kan gyaran nan, mai yiwuwa lokacin wani ya yi.

Abu na farko takardu. Lambar shasi ta dace da takardar mallaka, lambar da aka buga a jikin bulok ta dace da takardar garambawul. Da lambar inji wakilin kamfani zai iya faɗin shekarar da aka ƙera shi da ƙarfin da aka ba shi. Sa'an nan a sa kwamfuta a karanta ƙwaƙwalwar inji, a ga mil nawa da sa'a nawa ta rubuta, a kuma ga ko wani ya taɓa ta don ƙara ƙarfi. Injin da aka buɗe wa mai fiye da ƙima yana da daɗin tuƙi, amma ba ya tsufa.

A zo wa motar da sassafe, inji da sanyi, kada a yarda a tarar an riga an ɗumama shi. Inji mai lafiya ya kan tashi nan da nan, farin hayaƙinsa ya ɗauke cikin ɗan lokaci. In ya yi zafi a duba bututun numfashinsa da ke ƙasa. Ɗan tururi ba kome, amma in yana huci kamar tukunyar dambu, ringi sun saki. A buɗe lagireto tun da sanyi a ga ko mai yana yawo a kan ruwa, a zaro sandar awon baƙin mai a ga ko ya yi fari kamar koko. Wanda ya iya, ya ɗebi baƙin mai a kwalba ya aika ɗakin gwaji. Da kuɗi kaɗan za a gaya masa ko akwai garin ƙarfe ko ruwan lagireto a ciki. In mai mota ya yi sauri ya zuba sabon mai ana gobe za a zo dubawa, wannan ma labari ne.

Wurin da gilaida ta fi ba da ciwon kai shi ne wayoyi. An ƙera jikin don injin zamani, aka sa masa na da, saboda haka sai da aka yi musu tafinta. Mai haɗawa na ƙwarai ya kan yi amfani da damin waya da aka shirya don wannan aiki, ya ba da taswirarsa. Na banza ya yanka ya ɗaura ya naɗe da baƙin tef. A kunna kowace fitila, a duba kowace allura a gaban direba tana motsi. Daga nan a ɗaura mata bodi da kaya a hau tudu da ita, gama mota ba kaya ba ta faɗin gaskiya. A nan ne za a gane ko giya da aksul sun dace da injin. Tsofaffin injunan nan suna son juyi fiye da na yanzu, in aka haɗa su da aksul da aka yi don sabon inji sai mota ta yi nauyin tashi, kuloci ya sha wuya.

In za ta ƙetaro teku

Motocin Amurka ba baƙi ba ne a hanyoyin Nijeriya, duk wanda ya san hanyar Legas zuwa Kano ya san Mack. Sitiyarinsu na hagu ya dace, tun da ƙasar ta koma bin hannun dama a 1972. Akwai kuma dalili na gaske da zai sa ɗan kasuwar Dawanau ko mai shanun Potiskum ya kalli tsohon inji da sha'awa. Rariyar hayaƙi ba ta jure gas mai yawan farar wuta. Amurka sai da ta rage farar wutar gas ɗinta zuwa kashi 15 cikin miliyan a 2006 kafin ta wajabta rariya. A Afirka ta Yamma an daɗe ana sayar da mai ɗauke da dubbai, sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50. Tsohon inji ba ruwansa da wannan, ba ya kuma neman ruwan yuriya a ƙauye. Hayaƙinsa dai yana nan, mutanen da ke zaune a bakin tasha su za su shaƙa.

Amma jikin an yi shi ne don shimfiɗaɗɗiyar hanya da kaya tan 25. Yawancinsu a kan jakunkunan iska su ke zaune maimakon sifirin na ƙarfe, shasinsu kuma marar nauyi ne don a ƙara kaya a ƙarƙashin dokar awo. In aka ɗora musu tan 40 aka bi da su ramuka, jakar iska za ta fashe, shasi ya tsage, ko da inji bai ce uffan ba. Kafin a biya ko sisi, sai a tambayi Kwastan wace shekara za su rubuta wa motar, ta jiki ko ta inji, gama kuɗin fito da izinin shigowa suna iya rataya a kan amsar. Sa'an nan mai saye ya ɗauki lambar injin a takarda ya zaga wurin masu sayar da kayan gyara na garinsu, ya tambayi nozul guda da gaskit na kan inji. In aka ce sai an aiko daga waje, ya tambaya kwana nawa, ya lissafta kwanakin nan a tsakiyar kaka, da hatsi a ƙasa.